Edgar Allan Poe: Gwanin labarin ramuwa da ramuwa ta bi shi har kabari

Ranar 9 ga Oktoba, 1849, kwana biyu da rasuwar Edgar Allan Poe a wani asibiti na birnin Baltimore a ƙasar Amurka, jaridar New-York Tribune ta buga ta'aziyyarsa. Wanda ya rubuta ta bai sa sunansa na gaskiya ba, ya fake da sunan Ludwig. Maimakon yabon da aka saba yi wa mamaci, sai ya nuna wa masu karatu cewa mutumin nan ba shi da abokai na kirki, kuma ba a sa ran mutuwarsa ta girgiza zukata da yawa. Jaridu suka yi ta kwafar rubutun daga gari zuwa gari.

Ba a daɗe ba aka gane cewa Ludwig ba kowa ba ne illa Rufus Wilmot Griswold, wani edita kuma malamin coci da suka shafe shekaru suna zaman doya da manja da Poe. Abin bai tsaya nan ba, domin wannan mutum ne takardun marigayin suka faɗa hannunsa, shi ne kuma ya rubuta tarihin da duniya ta fara sanin Poe da shi. Shekara uku kafin haka Poe ya wallafa wani gajeren labari game da mutumin da ya ɗauki fansa a kan abokinsa cikin murmushi da lallami, ya binne shi da ransa. Duk wanda ya karanta labarin, ya kuma duba abin da ya sami marubucinsa, zai ga yadda rayuwa kan yi wa mutum gatsen da ya fi na alƙalami ciwo.

Maraya a gidan attajiri

An haifi Edgar Poe ranar 19 ga Janairu, 1809, a birnin Boston. Iyayensa, David Poe da Elizabeth Arnold Poe, 'yan wasan kwaikwayo ne masu yawo daga gari zuwa gari. Uban ya gudu ya bar iyalinsa tun Edgar yana jariri, uwar kuma ta rasu a watan Disamba na 1811 a birnin Richmond na jihar Virginia, ta bar 'ya'ya uku. Aka raba su gida uku. Edgar, wanda bai cika shekara uku ba, ya faɗa hannun John Allan, wani ɗan kasuwar taba ɗan asalin Sikotland, da matarsa Frances, waɗanda ba su haihu tare ba. Daga nan ne sunan Allan ya shiga tsakiyar sunansa. Sai dai John Allan bai taɓa mayar da shi ɗa a gaban doka ba. Ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya sa shi makaranta, amma matsayinsa ya tsaya a ɗan riƙo.

Daga 1815 zuwa 1820 iyalin sun zauna a Birtaniya, inda yaron ya yi karatu a makarantun kwana a wajen Landan, ya sami tushe mai kyau a Latin da Faransanci. Bayan sun koma Richmond, John Allan ya gaji dukiya mai yawa daga wani kawunsa a 1825, ya shiga sahun manyan attajiran garin. Edgar ya taso yana ganin kansa magajin wannan gida.

A watan Fabrairu na 1826 ya shiga Jami'ar Virginia, wadda tsohon shugaban ƙasa Thomas Jefferson ya kafa. Ya yi fice a harsuna, amma kuɗin da Allan ya ba shi bai isa hidimar makaranta ba. Ya shiga caca don ya cike giɓi, ya ƙare da bashi mai nauyi. Allan ya ƙi biya, ya kuma ƙi mayar da shi jami'a. Da ya dawo gida sai ya tarar budurwarsa, Sarah Elmira Royster, an yi mata baiko da wani, domin mahaifinta ya riƙa tare wasiƙun da yake aiko mata. Bayan wata zazzafar rigima da mariƙinsa, ya bar gidan a 1827 hannu rabbana.

Soja mai rubuta waƙa

Ya nufi Boston, ya shiga rundunar sojan Amurka da sunan aro, Edgar A. Perry, ya kuma ƙara wa kansa shekaru. A wannan shekara ya buga littafinsa na farko na waƙoƙi, Tamerlane and Other Poems, kwafi kusan 50, babu ko sunansa a bangon. Ba wanda ya kula da shi. A soja kuwa ya yi abin kirki, cikin ƙasa da shekara biyu ya kai muƙamin saje-manjo.

Littafinsa na biyu, wanda ya fito a 1829, yana ɗauke da doguwar waƙa mai suna Al Aaraaf. Ya aro sunan ne daga Al-A'araf, wurin nan da ke tsakanin Aljanna da wuta wanda sura ta bakwai ta Alƙur'ani mai girma ke ɗauke da sunansa. Daga baya ya rubuta wata waƙar da ya sa wa sunan Mala'ika Israfilu. Abin da ya sani game da Musulunci ta hannun rubuce-rubucen Turawa ya same shi, kuma yadda ya siffanta wurin a waƙarsa ƙirƙirarsa ce, ba koyarwar addini ba: ya ɗora shi ne a kan wani tauraro da masanin taurari Tycho Brahe ya hango a 1572.

Frances Allan, wadda ita ce ke sassauta zuciyar mijinta a kansa, ta rasu a watan Fabrairu na 1829. Rasuwar ta kawo ɗan sulhu, har Allan ya taimaka masa ya shiga makarantar hafsoshi ta West Point a 1830. Sulhun bai yi ƙarko ba. Allan ya sake aure, ya yanke hulɗa da shi. Da Poe ya ga ba zai iya barin makarantar ba sai da izinin mariƙinsa, sai ya daina zuwa fareti da aji da gangan har kotun soja ta sallame shi a farkon 1831. John Allan ya rasu a 1834, kuma ko sunan Edgar bai fito a wasiyyarsa ba.

Alƙalami mai kaifi, aljihu babu nauyi

Poe ya koma Baltimore wajen gwaggonsa, Maria Clemm, wata bazawara matalauciya da ke zaune da 'yarta Virginia. A 1833 ya ci gasar gajeren labari ta dala 50 da wata jaridar garin ta shirya. Ɗaya daga cikin alƙalan gasar, John Pendleton Kennedy, ya haɗa shi da mai mujallar Southern Literary Messenger ta Richmond, inda ya fara aikin edita a 1835. A watan Mayu na 1836 ya auri Virginia. Yana da shekara 27, ita tana da 13, ko da yake takardar auren ta nuna 21.

A wannan mujalla ne ya yi suna, kuma da sharhin littattafai ya fara yin sa. A zamanin, marubuta kan yabi littattafan juna bisa tsarin ba ni gishiri in ba ka manda. Poe ya ƙi bin wannan hanya. Yakan ɗauki littafi ya feɗe shi jimla bayan jimla, ya nuna kuskuren nahawu, ya tona inda aka yi satar fasaha, ya haɗa da ba'a. Masu karatu suka ƙaru, maƙiya ma suka ƙaru. Ga kuma matsalar giya: kaɗan yake sha ta juyar masa da kai, sai ya yi watanni bai taɓa ba, sannan ya sake faɗawa. Ya bar mujallar a farkon 1837, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe.

Rayuwa da alƙalami kaɗai a Amurka ta wancan lokaci abu ne mai wuya ƙwarai. Babu dokar da ke kare haƙƙin mallakar marubutan ƙasashen waje, saboda haka maɗaba'u sun gwammace su kwafi littattafan Ingila kyauta da su biya ɗan gida. Duk da haka, shekarun da ya yi a Philadelphia daga 1838 zuwa 1844 su ne mafi albarka a rubutunsa. A nan ya rubuta The Fall of the House of Usher a 1839, da The Murders in the Rue Morgue a 1841, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin labaran binciken laifi na zamani. Jarumin labarin, Auguste Dupin, shi ne ya share wa Sherlock Holmes hanya. A mujallar Graham's, inda ya yi edita, albashinsa dala 800 ne a shekara.

A wani sharhi da ya yi wa littafin Nathaniel Hawthorne a 1842 ya bayyana ra'ayinsa game da gajeren labari: ya kasance wanda za a karanta a zama ɗaya, marubuci ya zaɓi tasiri guda da yake son ya bari a zuciyar mai karatu, kowace kalma kuma ta yi wa wannan manufa aiki.

A watan Janairu na wannan shekara Virginia tana cikin rera waƙa a gida sai jini ya ɓalle mata ta baki. Tarin fuka ne. Ta shafe shekara biyar tana jinya, yau sauƙi gobe tsanani, mijin kuma yana ƙara nutsewa a cikin damuwa da sha. Da ya bar Graham's a watan Afrilu, wanda ya gaje kujerarsa shi ne Griswold, a kan albashin da ya ɗara nasa. Griswold ya fitar da wani kundin waƙoƙin Amurka a shekarar, ya sa waƙoƙin Poe uku kacal, ya cika shafuka da mawaƙan da yau ba a tuna su. Poe ya riƙa zagaya garuruwa yana lacca yana yi wa kundin ba'a a bainar jama'a. Griswold ya haɗiye, bai manta ba.

Neman aikin gwamnati

Akwai wani babi na rayuwar Poe da ba a cika ambata ba, wato fafutukarsa ta samun aikin gwamnatin tarayya. Abokinsa Frederick Thomas ya sami aikin akawu a ma'aikatar kuɗi a Washington a zamanin Shugaba John Tyler, aiki mai albashi tsayayye da sauran lokacin yin rubutu. Poe ya ƙwallafa rai a kan irinsa. Thomas ya san ɗan shugaban ƙasa, Robert Tyler, wanda shi ma mai sha'awar waƙa ne, aka kuma sa masa ran samun gurbi a ofishin kwastan na Philadelphia. A 1842 ya yi ta zarya wajen shugaban ofishin, ana ce masa je ka dawo, har aka raba guraben ga 'yan siyasa.

A watan Maris na 1843 ya tafi Washington da kansa don ya ga manya, ya kuma nemi masu sayen mujallar da ya daɗe yana mafarkin kafawa. Ya tarar Thomas yana kwance ba lafiya. Cikin 'yan kwanaki ya faɗa shan giya, ya yi abin kunya a gaban mutanen da ya zo neman alfarmarsu, abokai suka sa shi a hanyar gida. Bai sami aikin ba, mujallar ma ba ta taɓa fitowa ba.

Shahara da rigima a New York

Ya koma New York a 1844. Ranar 29 ga Janairu, 1845, jaridar Evening Mirror ta buga waƙarsa The Raven, wato Hankaka. Cikin makonni sunansa ya game ƙasar, manyan gidaje suka riƙa gayyatarsa ya karanta musu, amma abin da waƙar ta kawo masa 'yan daloli ne. A shekarar ya buɗe wuta a kan Henry Wadsworth Longfellow, mawaƙin da Amurkawa suka fi girmamawa, yana zarginsa da satar fasaha. Ya mallaki mujallar Broadway Journal da kuɗin bashi, ta rushe a Janairun 1846.

Sai kuma rigimar wasiƙu ta taso tsakaninsa da wasu mata marubuta, har ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu ya yi barazanar kashe shi. Poe ya je wajen wani tsohon abokinsa, likita kuma marubuci Thomas Dunn English, neman aron bindiga. English ya ƙi, ya kuma ƙaryata shi, suka ba hammata iska. A tsakiyar 1846 Poe ya fara jerin maƙaloli a mujallar Godey's Lady's Book yana siffanta marubutan New York ɗaya bayan ɗaya, ya nuna English a matsayin jahilin da bai iya nahawu ba. English ya mayar da martani a jarida, ya zarge shi da zamba da buga takardar jabu. Poe ya kai masu jaridar Evening Mirror ƙara bisa ɓata suna. Shi kuma English ya sako a cikin wani labarinsa wani mashayin marubuci mai suna Marmaduke Hammerhead, wanda kowa ya san Poe ake nufi.

A cikin wannan yanayi, a wani ɗan gida a Fordham, matarsa tana kwance, babu kuɗi, ƙararsa tana kotu, Poe ya rubuta The Cask of Amontillado, wato Gangar Giyar Amontillado. Godey's ta buga shi a watan Nuwamba na 1846. Masu nazari da yawa suna ganin English na cikin waɗanda ya tuna sa'ad da yake rubuta shi.

Abin da labarin ya ƙunsa

Mai ba da labarin, Montresor, ɗan wani tsohon gida ne a wani birni na Italiya da arzikinsa ya ja baya. Yana yi wa wani wanda ya san shi ciki da bai bayani cewa wani mai suna Fortunato ya daɗe yana cutar da shi yana haƙuri, har ranar da ya ci masa mutunci, sai ya ƙudura ramuwa. Ya gindaya wa kansa sharuɗɗa biyu. Na farko, ya yi hukuncin ba tare da wani abu ya same shi ba. Na biyu, wanda ake rama wa ya san daga inda abin ya fito. Bai canza wa Fortunato fuska ba, ya ci gaba da yi masa murmushi kamar kullum.

Raunin Fortunato shi ne alfahari da sanin giya. Wata rana da magariba, a tsakiyar bikin shekara da ake shigar burtu ana shaye-shaye, Montresor ya gamu da shi a buge, sanye da kayan wawan sarki, da hula mai ƙananan ƙararrawa. Ya ce masa ya sayi gangar Amontillado amma yana shakkar ingancinta, zai je wajen wani Luchesi ya ɗanɗana masa. Jin sunan kishiya ya sa Fortunato ya nace sai shi zai je. Suka tarar da gidan babu kowa, domin Montresor ya shaida wa barorinsa cewa ba zai dawo ba sai da safe, ya kuma gargaɗe su kada kowa ya fita, yana sane da cewa yana juya baya za su watse.

Suka sauka cikin kogon da ke ƙarƙashin gidan, inda ake ajiye giya tare da ƙasusuwan kakanni. Danshi da wani farin gishiri mai kama da kanwa da ke tsatsowa daga bango suka tayar wa Fortunato da tari. Suka yi ta nutsawa har suka kai wani ɗan lungu da ba ya ɓullewa. Kafin Fortunato ya farga, an ɗaure shi da sarƙa a jikin dutse. Montresor ya yaye tarin ƙasusuwa, ya fito da duwatsun gini da kwaɓin da ya tanada, ya fara toshe bakin lungun sahu bayan sahu har goma sha ɗaya. Ya rufe da bayanin cewa shekara 50 ke nan ba wanda ya taɓa wurin.

Yadda gatse ke aiki a ciki

Gatse shi ne a faɗi magana ana nufin kishiyarta, kuma a kansa aka gina labarin tun daga sunaye. Fortunato na nufin mai sa'a a Italiyanci, ga shi kuwa babu wanda ya kai shi rashin sa'a a daren. Mutum ne mai daraja da ake shakka a gari, amma a kayan wawa ya tafi kabarinsa, ƙararrawar hularsa tana kaɗawa a duk taku.

Kusan duk abin da Montresor ya furta yana da fuska biyu. Sau da yawa yana roƙon Fortunato su koma saboda lafiyarsa, yana tuna masa cewa shi mutum ne mai arziki da za a yi kewarsa. Kowane roƙo ƙara tunzura shi yake yi, kamar yadda umarnin da ya ba barori ya kore su daga gida. Montresor ya gano cewa akwai mutanen da hanya mafi sauƙi ta tura su gaba ita ce a ce musu su tsaya. Da Fortunato ya ce tari ba zai kashe shi ba, Montresor ya gaskata shi nan take, kuma gaskiya ya faɗa. Da suka ɗaga kwalba, Fortunato ya sha don girmama matattun da ke kewaye da su, Montresor ya sha yana yi masa fatan tsawon rai.

Abin da ya sa wannan ke tayar da tsikar jiki shi ne mai karatu ya san niyyar tun daga sakin layi na farko, Fortunato ne kaɗai bai sani ba. Poe ya mayar da mai karatu abokin sirrin mai kisa. Muna jin ma'ana ta biyu a kowace magana, ba mu da ikon yi wa mutumin gargaɗi. Ko alamun da aka nuna masa ƙarara bai gane ba. Ya yi wata inkiya ta ƙungiyar asiri ta Firimason, wadda sunanta ke nufin magina, ya tambayi Montresor ko shi ma ɗan ƙungiya ne. Montresor ya amsa da e, ya zaro cokalin magina daga cikin rigarsa. Fortunato ya ɗauka wasa ne, alhali makamin da za a binne shi da shi ne aka nuna masa.

Gwanintar da yake taƙama da ita ma akwai alamar tambaya a kanta. Ya raina Luchesi da cewa ba ya bambance Amontillado da sheri, alhali Amontillado wani nau'in sheri ne na ƙasar Sifaniya. Ya kuma kwankwaɗe kwalbar giya mai tsada a tashi ɗaya, abin da masani ba ya yi. Hausawa sun ce haƙorin dariya shi ke cizo, amma a nan girman kan wanda aka ciza ne ya kai shi bakin haƙorin.

Shin ramuwar ta cika?

A nan ne labarin ya wuce na mugu da wawa. Montresor bai taɓa faɗin cin mutuncin da aka yi masa ba, ko ga mai sauraronsa, ko ga Fortunato. Daga kalmarsa kaɗai muka san an yi laifi. Yadda Fortunato ya bi shi cikin kogo da sakin jiki ya nuna bai san akwai wata a ƙasa tsakaninsu ba. In haka ne, sharaɗi na biyu ya cika rabi da rabi: ya san wanda ya kashe shi, bai san dalili ba.

Tambarin gidan su Montresor ma abin dubawa ne. Hoton ƙafar mutum ce ta zinariya ta take maciji, macijin kuma ya kafa haƙoransa a diddigen. Montresor yana ganin kansa a matsayin ƙafar. Amma wanda ya yi lamɓo, ya yi sara daga ƙasa, ya fi kama da macijin. Ko ma wane ne wane, hoton ya nuna biyun a manne, babu mai rabuwa da wani.

Ƙarshen ya tabbatar da haka. Da Fortunato ya yi kururuwa, Montresor ya tsorata na ɗan lokaci, sannan ya mayar masa da kururuwar da ta fi tasa. Da ya rage dutse ɗaya, Fortunato ya gwada dariya, ya gwada roƙo da sunan Allah, sannan ya yi shiru. Montresor ya kira sunansa sau biyu ba amsa, sai ƙarar ƙararrawa. Ya ce zuciyarsa ta tashi, ya yi maza ya ɗora laifin a kan danshin kogo. Mutumin da ya so ya ji maƙiyinsa yana kuka har ƙarshe, shiru aka bar shi da shi. Bayan rabin ƙarni, yana tsoho, yana tuna kowace kalma da kowane sahun dutse. Wasu masu nazari suna ganin a gadon mutuwa yake iƙirari a gaban limamin coci, wasu suna ganin alfahari yake yi. Ta kowace fuska aka duba, hukuma ba ta kama shi ba, amma bai fita daga kogon nan ba. Ana cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi. Poe ya nuna cewa zafin ba ya tsayawa a kan wanda aka rama wa.

Ƙarshen tafiya

Virginia ta rasu ranar 30 ga Janairu, 1847, tana da shekara 24. Bayan makonni kaɗan kotu ta ba Poe gaskiya, ta sa a biya shi diyyar dala 225. Ya ci shari'a, amma mujallu da yawa sun riga sun juya masa baya. A 1849 ya sake komawa kan jigon ramuwa a labarin Hop-Frog, inda a wannan karo wawan sarki ne ya ƙone sarki da waziransa bakwai saboda wulaƙanci.

A damina ta 1849 ya koma Richmond, ya tarar Elmira ta ƙuruciya mijinta ya rasu, suka daidaita. Ya shiga wata ƙungiyar masu ƙaurace wa giya. Ranar 27 ga Satumba ya bar garin da niyyar zuwa New York. Ranar 3 ga Oktoba, ranar zaɓe, wani ma'aikacin maɗaba'a ya tsince shi a wata mashaya da aka mayar rumfar zaɓe a Baltimore, ba ya cikin hayyacinsa, sanye da tufafin da ba nasa ba. Ya rasu ranar 7 ga Oktoba yana da shekara 40. An danganta mutuwar da giya, da ciwon ƙwaƙwalwa, da kuma 'yan bangar siyasa na zamanin da kan kama baƙo su bugar da shi, su riƙa sauya masa kaya yana jefa ƙuri'a a rumfuna daban-daban. Mutane ƙalilan ne suka halarci jana'izarsa.

Griswold ya karɓi takardunsa daga hannun Maria Clemm, wadda talauci ya sa ta sa hannu, ladanta kuma 'yan kwafen littattafan da za ta sayar. A 1850 ya haɗa wa ayyukan Poe tarihin rayuwa, ya ce an kore shi daga jami'a, ya gudu daga soja, ya ci amanar gidan da ya rene shi. Ya sauya kalmomin wasiƙun marigayin, ya ƙara abin da bai rubuta ba, don ya fito a matsayin maci amanar abokai mai fadanci ga Griswold. Kamar Montresor, ya zo a rigar aboki, ya jira lokacin da abokin gabarsa ba zai iya amsawa ba.

Waɗanda suka san Poe, irin su George Graham da Sarah Helen Whitman, sun yi ta musantawa, amma littafin Griswold ne ke kasuwa. Sai a 1880 wani Bature ɗan Ingila, John Henry Ingram, ya fitar da cikakken tarihi mai gyara, a 1941 kuma Arthur Hobson Quinn ya jera wasiƙun asali kusa da na Griswold, jabun ya fito fili. Shekara 91 ƙaryar ta yi kafin a kammala tona ta, saboda dalili ɗaya: fayil ɗin yana hannun maƙiyi.

Sai dai reshe ya juye da mujiya. Hoton mashayi mai baƙar zuciya da Griswold ya zana ya ƙara wa mutane sha'awar karanta Poe. A Faransa, mawaƙi Charles Baudelaire ya ɗauke shi gwarzon da ƙasarsa ta zalunta, ya shafe shekaru yana fassara labaransa, kundin farko ya fito a 1856. A 1875 aka mayar da gawarsa ƙarƙashin wani dutsen tunawa a Baltimore. Yau babbar lambar yabo ta marubutan labaran binciken laifi a Amurka sunan Edgar take ɗauke da shi, kuma kwafi ɗaya na littafin nan nasa na farko da ba wanda ya kula da shi an sayar da shi sama da dala 600,000 a 2009.

Griswold ya rasu a New York a 1857, shi ma da tarin fuka. Kundayen da ya yi taƙama da su sun daɗe da barin hannun masu karatu. In an ambaci sunansa a yau, to ana ba da tarihin Poe ne.